Yadda Kawu Ya Yaye Ɗan Allo

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, wata Laraba a tsakiyar damina, na ga abin da ban taɓa gani ba a gidan rasuwa. Mutum zai shigo idonsa jawur, ya durƙusa ya yi gaisuwa, a yi addu'a a shafa, can an jima sai ka ga kafaɗarsa tana rawa. Ka ɗauka kukan ne ya dawo, ka duba da kyau, ashe dariya yake dannewa. Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Sai dai bai tafi ba sai da ya bar wa kowa abin da zai tuna ya murmusa.

Wani dattijo daga Daura, ta nan Karaye, da ya shigo yi wa matar Kawu gaisuwa, ya ce sau tara marigayin yana gyara masa rediyo ɗaya. A na goma Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, rediyon nan ya gaji, kai ka gaji, ni ma na gaji. Mu bar shi ya huta." Wata maƙwabciya ta ce ita abin da ba za ta manta ba shi ne yadda yake ɗanɗana ƙaramin batir da harshe, ya yatsine fuska, ya ce da sauran ransa. Matar Kawu tana jan carbi tana hawaye, amma ita ma sai da ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Bayan la'asar Inna ta iso daga Rogo. Ita ce yayarsu duka, ita ke gaba da mahaifiyata, Kawu kuwa shi ne autan ɗakinsu. Ta shigo ana riƙe da ita, ta zube kan tabarma, ta yi kuka mai isarta. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Sannan ta share fuska, ta waiwayo ta dube ni.

"Ke, wa ke juya ƙwan?"

Baƙi suka kalli juna. Mu 'yan gida mun san abin da take nufi, kuma saboda tambayar nan tata na zauna nake wannan rubutu, don kada jikokinsa su tashi su san sunansa kawai.

Kawu mai gyaran rediyo ne. Ya fi shekara arba'in a rumfa ɗaya a kasuwar Karaye, daga rediyo zuwa rakoda zuwa tocila. Da mutane suka koma wayar hannu, abokan sana'arsa da yawa suka zauna zagin zamani, shi kuwa ya je ya koyi haɗa sola. A aljihun jamfarsa abu biyu ba sa rabuwa, carbi da 'yar mitar auna wuta. Ƙarfen narka dalma kuwa har ya bar duniya a kan gawayi yake gasa shi, ya ce shi bai yarda da kayan aikin da sai an kawo wuta za su yi aiki ba. Yana da wani gwangwanin madara da ba ya bari a taɓa, cike da guntayen wayoyi da kusoshi da hanjin rediyoyin da masu su suka daɗe da rasuwa. Kuma duk wayar da ke ɗauke da wuta sai ya ɗaura mata jan zare, ko da ita kanta ja ce, don ya ce ya sha ganin masu haɗin da ba ruwansu da launi.

Maganarsa guda ce, kowa ya san ta: "Auna tukuna." Da ita yake amsa komai. In aka miƙo masa shayi, auna tukuna. In aka kawo masa ƙarar wani, auna tukuna. Lokacin da maigidana ya zo neman aurena, Kawu bai yi masa tambaya ko ɗaya ba, sai ya miƙa masa wata matacciyar tocila ya ce ya duba masa. Bawan Allah ya yi awa guda yana gumi a kanta, daga baya ya ce gaskiya shi bai iya ba. Kawu ya shigo gida ya ce wa mahaifiyata, "Na auna shi. Yana da haƙuri, kuma ba ya ƙarya. A ba shi."

Sau ɗaya tak bai auna ba, shi ne kuma asalin rigimarsa da Inna.

Kakarmu tana da wasu fararen zabi da ta zo da irinsu daga gidansu, da ta rasu Inna ce ta gaje su. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kowa ya sani, shi ya sa ake ɗebe ƙwanta a sa wa kaza. To shekara ashirin da suka wuce Kawu ya ji labarin injin ƙyanƙyasa, ya dawo gida ya haɗa nasa da akwatin katako da fitilar kananzir. Ya je Rogo ya yi ta zuba wa Inna daɗin baki har ta ba shi ƙwai arba'in. Kwana biyu da sa su, ranar kasuwa, ya ƙara lagwani ya fita bai duba zafin ba. Da ya dawo ƙwan nan sun dahu tsaf. Inna ta zo da kanta, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta ce a miƙo mata gishiri, ta cinye a gabansa.

Daga ranar sunansa ya koma mai dafa ƙwai. Zumunci bai yanke ba, duk suna da biki tana nan, amma gaisuwarta kenan ko a gaban surukai: "Ina kwana, mai dafa ƙwai?" Shi kuma ya amsa, "Lafiya lau, Yaya," yana dariya. Ni na san dariyar ba ta kai ciki ba. Ya taɓa ce mini, muna zaune mu biyu, mutum ya yi shekara arba'in yana gyara, amma da ɓarnar yini ɗaya ake kiransa. Abin ya yi mini ciwo ranar, har na ji haushin Inna.

Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Bara aka tura mu wani horo a Kano, aka raba mana wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai kai tafin hannu ba. Sai ka rubuta masa umarni a kwamfuta, ka tura masa, shi kuma ya bi. Na koya wa nawa ya riƙa jin zafin wuri, in ya yi ƙasa ya kunna gulob, in ya kai ya kashe. Da na dawo ban nuna wa kowa ba sai Kawu. Ya sa tabarau, ya hura wa abin numfashi, gulob ya mutu. Ya yi masa fifita da hula, gulob ya kama. Tsohon nan ya yi ta maimaitawa har sai da matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da zan tafi na zare igiyar da ta haɗa allon da kwamfuta, nan take ya mutu.

"Me ya same shi?" in ji Kawu.

"Ai daga kwamfutar yake shan wuta, Kawu."

"Au, ashe jariri ne, ba a yaye shi ba." Ya cire tabarau ya goge. "Ki kawo shi nan. Dama gidan kakanni ake kai yaye."

Na ɗauka wasa ne. Sai da sanyi ya shigo, ciwon kaji ya bi ta unguwar su Inna ya share mata kaji kaf, sannan na gane inda ya dosa. Zabinta uku suka rage, zabo ɗaya da zabi mata biyu, duk sun manyanta, kuma babu kazar da za a sa wa ƙwai. Idan daminar bana ta wuce ba a samu 'ya'ya ba, irin kakarmu ya ƙare ke nan. Kawu ya sauko da tsohon akwatin nan na katako daga saman rumbu, ashe duk shekarun nan bai yar da shi ba. Ya sa masa gilashi a murfi, ya ɗaura gulob ɗin mota a ciki don ɗumi, ya jawo batirin solarsa kusa. Abin da ya rage shi ne ɗan allon ya samu abincinsa ba tare da kwamfutata ba, don ba zan bar ta a gidansa na Unguwar Hajji wata guda ba.

Batirin bolt goma sha biyu yake bayarwa, allon kuwa biyar yake so. Wannan na san shi, ni nake koyar da shi a aji. Wata Asabar Kawu ya tafi sallar azahar, ya ce in jira shi. Ni kuwa ina so ya dawo ya tarar na gama, ya yaba mini. A jikin allon akwai ƙafar da ke iya karɓar wuta mai yawa, ga kuma wadda ba ta karɓar sama da biyar, suna kusa da juna. Na kama waya na dangwala ba tare da na duba ba. Sai ji na yi ɗas, wani siririn hayaƙi ya tashi, ɗakin ya cika da ƙaurin roba.

Tun daga zaure ya ji warin. Ya shigo ya tarar da ni, mace mai 'ya'ya uku, ina hawaye a kan abin da bai kai tafin hannu ba. Matarsa ta ɗaga murya daga madafa, "Me ke ƙauri ne?"

"Ni ne," in ji Kawu. "Na sake dahuwa."

Ya zauna kusa da ni, ya rage murya. "Kin auna?"

"A'a, Kawu."

"To kin koya. Ni da ƙwai arba'in na koya, ke da allo ɗaya. Kin samu sauƙi. Kuma ki yi shiru, ni dama sunana ya riga ya ɓaci, ba sai an ƙara da naki ba."

Ranar Litinin ya hau mota zuwa Kano da gawar allon a aljihu, ya yi ta nuna wa masu shaguna har ya samo irinsa. Har ya rasu 'yan gida suna cewa shi ya ƙona na farkon. Yau na faɗa, ni ce.

Daga nan muka gwada fawa bank, abin cajin wayar hannu, tunda shi biyar cif yake bayarwa. Allo ya tashi, muka yi murna. Kafin mu gama murnar ya mutu. A danna ya tashi, a jima kaɗan ya sake mutuwa. Na ce sabon allon ne ba shi da kyau, an cuce shi a kasuwa. Ya ce a'a. Muka yi musu sosai, har na tuna masa cewa ni na yi karatun abin. Ya ɗauko agogo da mita, ya zauna gaban abin tun azahar har la'asar kamar mai jinya.

"Na gano shi," ya ce daga ƙarshe. "Ɗan allonki cin tsuntsu yake yi. Shi kuwa wannan an saba masa da wayoyi masu haɗama. In ya ji ba a jan sa da ƙarfi, sai ya ɗauka an ƙoshi, ya kwanta barci. A ba shi aikin yi."

Ya zazzage gwangwanin madara, ya tsamo wani ɗan mitsitsin gulob, irin wanda ke haska fuskar tsohon rediyo. Ya gasa ƙarfensa, ya liƙa shi a jikin igiyar, ya ɗaura jan zare. Gulob ya kama, fawa bank bai sake barci ba. Na ce masa wannan ba ya cikin abin da aka koya mana. Ya ce ai su ma ba su taɓa zama rumfa ba.

Amma fawa bank ba zai kai wata guda ba. Maganin da ya zauna shi ne cajar mota, irin wadda direbobi ke cusawa a gaban mota su yi cajin waya, don aikinta ke nan, ta karɓi sha biyu ta mayar biyar. Kawu ya kafa mata gurbi a gefen akwatin, ya haɗa da batir, ya auna sau uku kafin ya bar ni in jona allon. Igiyar nan mai ɗan gulob kuwa ya naɗe ta ya mayar gwangwani, ya ce a ajiye, ba a sani ba. Mako guda akwatin yana aiki babu komai a ciki, gulob yana kamawa yana mutuwa da wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, shi kuma yana bi yana duba ma'aunin zafin da ya rataya a ciki. Ranar da ya gamsu ya ce, "To, yaro ya yayu." Ya sa matarsa ta dama fura, wai ta walimar yaye.

Da zabi suka fara ƙwai ya hau babur zuwa Rogo. Ban san abin da ya gaya wa Inna ba, amma ya dawo da ƙwai talatin a ƙwarya cikin ƙaiƙayi. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce cewa ta yi, in ya dafa waɗannan ya haɗo da gishiri ya aiko, nata ya ƙare.

Ban taɓa ganin Kawu cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Ya yi wa kowane ƙwai ɗigo da gawayi a gefe ɗaya, bayan kowace salla ya juya su. Yana shiga ɗakin da sallama, ya ce wa allon, "Malam ƙarami, ya aiki?" Rumfar kasuwa ma rabin yini yake yi ya gudo. Ƙwan zabo kusan kwana ashirin da takwas yake yi, shi kuwa yana ƙirgawa da alli a bayan ƙofa. A layi na goma sha takwas zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙirji ya riƙe. A asibiti, da na sunkuya in ji abin da yake cewa, na ɗauka wasiyya ce babba. Cewa ya yi, "Kwana ukun ƙarshe kada a buɗe akwatin. Mitata tana aljihu." Layi na ashirin ni na ja shi.

Shi ya sa da Inna ta tambaya wa ke juya ƙwan, na ce ni ce. Ta ce a kai ta ta gani. Ta daɗe tsaye kan gilashin nan tana kallo.

Ranar sadakar uku gida ya cika maƙil, ga ruwa ana ta yayyafi tun asuba. Hidima ta ɗauke mana hankali, sai da hantsi na samu na shiga ɗakin. Shirun da na ji shi ya fara tsorata ni. Babu ƙas, babu haske, gurbin caja wayam. Wani ya zare ta ya tafi da ita. Na duba ma'auni, zafi ya sauka sosai, kuma ban san tun yaushe ba. Gabana ya faɗi.

Inna tana bayana. "Ba ga batirin nan ba? Haɗa mana kai tsaye, ƙwai na hucewa."

Wallahi sai da hannuna ya kai kan wayar. Sai na ga jan zaren. Na saki, na je ga jamfarsa da ke rataye a ƙusa, na ciro mitar, na zazzage gwangwanin madara a ƙasa. Ga igiyar nan a naɗe yadda ya bar ta, da ɗan gulob ɗinta. Na ce wa Inna fawa bank nake nema, nawa yana gida.

Tsohuwar nan da aka shigo da ita ana riƙewa, sai ga ta a tsakar gida cikin yayyafi tana ratsa mata. "Duk mai abin cajin nan na aljihu ta fito da shi. Ke, na ga naki ɗazu, kada ki ɓoye." Ta aika ƙofar gida wurin maza ma. Ta dawo da guda shida a gefen mayafi. Na ɗauki ɗaya, na auna, biyar. Na sake aunawa. Na jona. Ɗan gulob ɗin rediyo ya kama, allo ya farka, sai ƙas, babban gulob ya haska cikin akwatin. Na zauna daɓas a ƙasa na yi kukan da ban samu na yi ba tun ranar Laraba.

Da azahar ɓarawon caja ya bayyana da kansa. Ɗan Inna ne na fari, direba, mutum mai furfura a gemu. Ya ga cajar mota a ɗakin kawunsa, ya ce bari ya ara, ya tafi Yola, ta nan Karaye, ɗauko baƙi da ita. Ya durƙusa gaban uwarsa yana ba da haƙuri.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba," in ji Inna.

"To wa zan ba, Inna?"

Ta nuna masa akwatin. Haka ya juya ya ba ƙwai haƙuri, mata suna ta ƙyaƙyatawa a bakin ƙofa. Daga ranar ta ɗauke tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin, ko ni sai na faɗi abin da ya kawo ni take matsawa.

Kwana huɗun da suka biyo baya babu wanda ya san ko akwai rai a cikin ƙwan nan. Da aka shiga ukun ƙarshe na daina juyawa, na daina buɗewa, kamar yadda Kawu ya ce. Ina jan layi a bayan ƙofa, ina roƙon Allah kada sunan nan ya bi shi har kabari saboda sakacinmu.

Ranar bakwai da safe, an gama addu'a ana raba waina, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru. Wani ɗan siririn kuka ne ke fitowa daga akwatin. Muka yi cincirindo kan gilashi. Ƙwai ɗaya ya tsage, ga ɗan baki yana turowa. Kafin la'asar sun fi goma, washegari da na buɗe na ƙirga ashirin da biyu, tara daga ciki farare tas. Matar Kawu, da ke cikin takaba ba ta fita, aka kai mata ɗaya har ɗaki a tafin hannu. Ta yi dariya ta ce da yana nan da yau ba mai cin abinci sai ya ji labarin daga farko.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa kabarinsa ya fi ɗakin nan haske. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa nasa ranar da za a auna ayyukan kowa.

Ranar da Inna za ta koma Rogo, an sa mata 'yan zabin a kwali mai huji, ɗanta direba yana riƙe da shi da hannu biyu kamar an ba shi amanar jariri. Ta tsaya a tsakar gida ta sa aka tara mu, manya da yara. Ta gyara murya.

"Ku saurara da kyau. Daga yau kada in sake jin wani ya kira ƙanina mai dafa ƙwai."

Sai mahaifiyata ta ce a hankali, "Yaya, ai duk duniya ke kaɗai ke kiransa haka."

Inna ta dubi ƙofar ɗakin Kawu, hawaye na bin kumatunta.

"To ai ni nake gaya wa," ta ce.